Yadda ake yanke hukuncin haramta dodon da ya gagari kowa a gasar Pokémon

Rigimarmu a kan Kingambit, ɗaya daga cikin dodannin da ake karawa da su a wasan Pokémon, ta fara ne a bencin mai shayi, can wajen Ƙofar Ƙaura, bayan sallar isha'i. Wani ƙanenmu ya kayar da dodanni biyar cikin shida na abokin karawarsa, shi kuma nasa huɗu suna nan da ransu, har ya fara yi wa mutane kallon wanda ya gama. Sai na shidan, wato Kingambit, ya fito, ya yi Swords Dance mai ninka ƙarfin bugu sau ɗaya, ya bi su da Sucker Punch, harin da ke riga na abokin gaba fita, ɗaya bayan ɗaya har ya share filin. Yaron ya kife wayarsa a kan benci ya ce mani, "Yaya, wallahi wannan ba wasa ba ne, a cire shi kawai."

Ni ke riƙe da dokokin 'yar gasarmu, wadda muke bugawa a Pokémon Showdown, shafin intanet na karawar Pokémon, ta waya, tunda ba kowa ke da kuɗin na'urar wasa ta Switch ba, kuma ba ta cin data sosai. Don haka duk wanda aka lallasa wurina yake zuwa da ƙorafi. Abin da zan rubuta a nan shi ne hanyar da muke bi tun daga ƙorafi har zuwa hukunci, don masu shirya irin wannan gasa a unguwarsu ko a makaranta.

Kafin komai, ku tsayar da irin wasan da kuke bugawa, domin dodon da ya zama annoba a wani tsari yana iya zama ɗan talak a wani. Manyan tsare-tsare biyu ne. Akwai na kamfani, wato VGC, inda ake fito da dodanni biyu-biyu a fili, kowa ya zo da shida ya zaɓi huɗu, dukkansu a mataki na 50. Akwai kuma na Smogon, ƙungiyar 'yan wasa da ta kafu a 2004, inda aka fi buga ɗaya da ɗaya, shida da shida, kuma aka raba dodanni aji-aji: Ubers a sama na waɗanda suka fi ƙarfi, sai OU, ajin da aka fi bugawa, sai UU, RU, NU, PU a ƙasa. Flutter Mane misali ne mai kyau. Wasannin Pokémon Scarlet da Violet sun fito a Nuwamba 2022, kuma watan bai ƙare ba Smogon ta kore shi daga OU, amma a VGC ya daɗe yana cikin waɗanda aka fi ɗauka ba tare da an haramta shi ba. A wasan biyu-biyu dodanni biyu na iya taruwa a kansa a zagaye ɗaya, a ɗaya da ɗaya kuwa kai kaɗai ne da shi. In ba ku tsayar da tsari ba, gardamar ku za ta zama ta kurame.

Da kun tsayar, kada ku fara rubuta jerin haramci daga farar takarda. Ku ɗauki jerin da ke aiki a tsarin da kuka zaɓa, a ce na OU na wannan zamani, ya zama tushe. Dubban mutane sun riga sun sha wahalar gano cewa Koraidon da Miraidon ba sa'annin sauran ba ne, babu dalilin da zai sa ku sake shan ta. Aikinku shi ne abin da ya rage: wanda jerin ya bari amma yake damun ku, ko wanda ya hana amma kuke son gwadawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sai karɓar ƙorafi. Dokarmu ita ce ba a karɓarsa a daren da aka ci mutum. Ya je ya kwana, in har gobe yana kan bakansa, ya rubuto. Kuma ya zo da shaida: Showdown na ba da damar adana wasa a sake kallo, to ya kawo aƙalla guda uku, kada kuma dukkansu su zama nasa. Nauyin kawo hujja yana kan mai son a canza doka, ba a kan mai dodon ba. Rabin ƙorafe-ƙorafen a nan suke mutuwa, saboda da an sake kallon wasan sai a ga mai ƙorafin da kansa ya sadaukar da dodon da zai tare masa tun a zagaye na takwas don ya ci wata 'yar riba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Idan ƙorafin ya tsira, sai a tambayi mai shi wace irin cuta yake zargi, domin ba ɗaya ba ce. Akwai dodon da ƙarfinsa ya wuce kima, wanda ko ka fi mai shi iya wasa sai ya ci ka. Akwai abin da ke ƙwace wasa daga hannun 'yan wasa ya miƙa shi ga sa'a, ko ya hana mutum zaɓi gaba ɗaya. Hare-haren kisan bugu ɗaya irin su Fissure da Sheer Cold ba sa samun mutum fiye da kashi 30 cikin ɗari, ba wani ƙarfi ba ne a lissafi, amma in sun same ka babu dabarar da za ta cece ka, shi ya sa aka hana su. Haka Double Team da Minimize masu sa hari ya riƙa wucewa ta gefe, haka Moody, wata baiwa (halin da dodo ke ɗauke da shi a jikinsa) mai sauya masa ƙarfi bisa sa'a a kowane zagaye. Shadow Tag da Arena Trap su kuma hana ka sauya dodo suke yi, alhali sauyawa ita ce ƙashin bayan wasan ɗaya da ɗaya. Irin waɗannan ba su buƙatar dogon bincike, bayaninsu ya isa. Cuta ta uku ta fi wuyar kamawa: dodon da ana iya cinsa, amma sai kowa ya lanƙwasa tawagarsa dominsa har wasan ya zama kala ɗaya.

A nan ne mutane ke yawan ruɗewa, su ɗauka yawan ganin dodo laifi ne. Ba laifi ba ne. Landorus-Therian ya shafe shekaru yana kan gaba ko kusa da gaba a OU, Great Tusk ma ya yi irin wannan sarauta a zamanin Scarlet da Violet, kuma ba a haramta ko ɗaya ba. Ana ɗaukar su ne saboda suna toshe ɓaraka da yawa lokaci guda, kamar ɗan aiken gida da kowa ke kira. Alƙaluman amfani da Smogon ke fitarwa duk wata aikinsu raba aji ne: wanda ya haura kashi 4.52 cikin ɗari a OU ya zama ɗan OU, wanda ya gaza ya sauka ƙasa. Haramci kuwa hukunci ne daban. A ƙaramar gasa ma abin ya fi haka rauni, domin in ku goma sha biyu ne, mutum uku suka kwafi tawaga ɗaya, sai ka ga kamar dodon ya mamaye gari.

Yanzu ga inda aikin yake, kuma a nan nake so ku daɗe. Ku zauna ku ƙirga amsoshin dodon da ake zargi, da alƙalami, ba da baki ba.

Amsa iri biyu ce. Mai tarewa shi ne wanda zai iya shigowa fili a kan kowane hari na wanda ake zargi, ya shanye, sannan ya ci shi ko ya kore shi, kuma ya maimaita haka fiye da sau ɗaya a wasa. Mai ramuwa shi ne wanda ba zai iya shan bugun ba, amma in ya samu shiga kyauta, a ce bayan an kashe ɗan'uwansa, zai riga shi bugu ya gama da shi. Bambancin na da girma. Dodon da ba shi da mai tarewa sai masu ramuwa, ma'anarsa duk fitowarsa sai ka ba da rai ɗaya kafin ka yi magana.

Ku buɗe na'urar lissafin ɓarna ta Showdown, ku sa wanda ake zargi a gefe ɗaya da shirin da ake yawan yi masa, ku riƙa jera masu tarewar a ɗaya gefen. Ku lura da abu uku. Na ɗaya, ɓarnar kowane hari tana lilo tsakanin kashi 85 zuwa 100 na cikakken ƙarfinsa, don haka ku dubi mafi munin lamba, kada ku dubi mafi daɗi. Na biyu, ku kunna Stealth Rock, duwatsun da ake bazawa a filin abokin gaba, a lissafin, saboda a wasan gaske duwatsun nan kusan kullum suna ƙasa, suna cin kashi ɗaya cikin takwas na jinin mai shigowa, har rabin jini ga irin su Volcarona da Charizard in ba su sa takalman kariya na Heavy-Duty Boots ba. Mai tarewar da bugu biyu ke kashewa bayan duwatsu ba mai tarewa ba ne. Na uku, ku gwada shiri biyu ko uku na dodon, ba ɗaya ba. Wani dodon kowane shirinsa na da amsa, amma amsar wannan abincin wancan ce, kuma ba ka sanin wanne kake fuskanta sai bayan ka yi asara.

Dracovish ne misalin da nake ba yara. Harinsa Fishious Rend ƙarfinsa 85 ne, amma yana ninkawa ya koma 170 in ya riga abokin gaba motsi, ko in abokin gaba ya sauyo dodo. Ka ƙara rabi saboda harin jinsinsa ne na ruwa, ka sake ƙara rabi saboda baiwarsa ta Strong Jaw, ka ga ya haura 380 tun ba a ɗaura masa Choice Band mai ƙara ƙarfin bugu ba, tun ba a kawo ruwan sama ba. Wato sauya dodo, wadda ita ce kariyarka, ita ke ninka maka dukan. Yana da amsa kuwa? Yana da ita: duk mai baiwar Water Absorb yana shanye harin ya ƙara jini. Sai aka wayi gari Seismitoad ya cika tawagogi, ba don ya fi wasu amfani ba, sai don tsoron kifi ɗaya. A 2020 aka haramta Dracovish daga OU. Darasin lissafi a nan shi ne, bayan kun ƙirga amsoshi, ku tambayi kowace amsa: in babu wanda ake zargi, akwai mai ɗaukar ki? In amsoshin uku ne kuma biyu daga ciki ba su da wani aiki sai wannan, to a gaskiya amsa ɗaya gare ku.

Da muka yi wa Kingambit wannan zama, ga abin da ya fito. Jinsinsa duhu da ƙarfe ne, harin faɗa na yi masa ɓarna ninki huɗu, ƙasa da wuta ninki biyu, kuma gudunsa 50 ne kacal. Baiwarsa Supreme Overlord na ƙara wa harinsa kashi 10 a kan kowane ɗan tawagarsa da ya faɗi, shi ya sa ake ajiye shi ƙarshe. Sucker Punch kuma ba ya aiki in abokin gaba bai kai hari a wannan zagayen ba, don haka dabarun da ba bugu ba ne, irin su Will-O-Wisp mai ƙona dodo ko Substitute ko Encore, na iya kunyata shi. Great Tusk na tare shi, Dondozo da baiwar Unaware ba ya ma ganin Swords Dance ɗin, Zamazenta na tsaya masa, kuma dukkansu dodanni ne da ake ɗauka ko babu shi. Inda gizo ke saƙar shi ne Terastallization, damar sauya jinsin dodo a tsakiyar wasa: ya rikiɗe ya koma jinsin tashi ko Fairy, sai harin faɗan da ka dogara da shi ya zama shafa. Wannan ya kai mu ga tambaya ta gaba.

Me za a haramta takamaimai? Dodon, ko harinsa, ko baiwarsa, ko abin da yake riƙe da shi, wanda mu muke kira laya? Ka'idar da ta fi sauƙin karewa ita ce: in abu ɗaya a jikin dodo ɗaya yake ɓarna, a cire dodon. In abin yana ɓarna a jikin duk wanda ya same shi, a cire abin. Houndstone, wani dodo mai siffar kare, ya nuna wannan sarai. Harinsa Last Respects yana farawa da ƙarfi 50, yana ƙara 50 duk lokacin da ɗan tawaga ya faɗi, in biyar suka faɗi ya kai 300, ga Sand Rush da ke ninka masa gudu cikin guguwar yashi. A Nuwamba 2022 shi kaɗai ke da harin, sai aka haramta shi. A 2023 da Basculegion ya shigo da wannan hari, ta bayyana cewa ba karen ne matsalar ba, aka haramta harin aka sako Houndstone, ya gangara azuzuwan ƙasa abinsa. Harin Shed Tail ma haka ya bi: an fara korar Cyclizar mai shi, daga baya aka gane harin ne.

Abin da nake roƙon ku guje wa shi ne doka mai reshe, irin "an yarda da wane amma ban da hari kaza in yana riƙe da laya kaza". Tana da daɗin ji saboda kowa na ganin an yi masa adalci, amma ba ta tsayawa a ɗaya. A zamanin wasannin Black da White, lokacin da ruwan saman da baiwa ta jawo ba ya ɗaukewa har ƙarshen wasa, an hana haɗa Drizzle mai jawo ruwa da Swift Swim mai ninka gudu a cikin ruwan a tawaga ɗaya maimakon a taɓa Politoed ko Kingdra, dodannin da ke da baiwoyin. Tsuntsun da ya ja ruwa bai sha duka ba ke nan, kuma gardamar yanayi ba ta mutu ba har zamanin ya wuce. Baton Pass, mai miƙa wa ɗan tawaga ƙarin ƙarfin da dodo ya tara, ya fi ban takaici: an ƙayyade yawan masu shi a tawaga, aka sake ragewa, aka hana miƙa gudu tare da wani ƙarin ƙarfi, kullum sai wani ya samo ɓaraka, sai a 2017 aka haƙura aka haramta shi ɗungurungum a OU. Dokar da ba za ka iya faɗa wa sabon ɗan wasa a numfashi ɗaya ba, za ta ba ka wahala a daren gasa.

Akwai hanya ta uku da ba haramci ba, wato ƙayyadewa, kuma mu Katsinawa bai kamata ta zame mana baƙuwa ba. A wasan folo kowane mahayi na da lambar gwanintarsa, daga -2 zuwa 10, kuma gasa kan sa iyakar jimillar da ƙungiya za ta tara, don kada gwanaye huɗu su haɗu a gefe ɗaya. Ba a hana gwani hawa, ana dai sa shi ya yi tsada. VGC na yin makamancin haka a wasu kakanni, inda ake yarda da manyan dodannin almara ɗaya ko biyu kawai a tawaga. In rukuninku ƙarami ne kuma kowa ya san kowa, kuna iya ware dodanni biyar da ake kuka da su ku ce ɗaya kawai za a ɗauka daga ciki. Doka ɗaya ce, kuma ana iya duba ta da ido tun a allon nuna tawaga.

Sai gwaji da ƙuri'a. Smogon na da hanya biyu. Abin da ɓarnarsa ta fito fili, kwamiti kan kore shi nan take. Mega Rayquaza a Nuwamba 2014 ya gagari Ubers kanta, har sai da aka ƙirƙiro sabon aji mai suna Anything Goes don a samu inda za a ajiye shi, kuma Dynamax, mai ninka jini na zagaye uku, bai wuce Disamba 2019 a OU ba. Abin da ake gardama a kai kuwa ana buɗe masa gwaji na kimanin mako biyu, kuma ba kowa ke jefa ƙuri'a ba sai wanda ya buga wasanni ya kai wani matsayi na nasara a lokacin gwajin. A OU sai masu son haramci sun kai kashi 60. Terastallization da kansa ya sha da ƙyar a farkon 2023, masu son a ɗauki mataki sun fi yawa amma kaɗan ya rage su kai 60, aka bar shi.

Mu ga yadda muka rage shi daidai jikinmu. Mako biyu na gwaji. Duk mai son ƙuri'a ya buga wasa goma, biyar yana riƙe da wanda ake zargi, biyar yana fuskantar sa. Sharaɗin riƙewar ya fi komai amfani, domin mutum ba ya sanin raunin dodo sai ya ɗauke shi an ci shi da shi. Wasan da netwok ya yanke ko caji ya ƙare ba ya shiga lissafi, kuma da yanayin wutarmu gara a faɗi wannan tun farko. Ƙuri'a a ɓoye ake turo wa mutum ɗaya, ba a fili ba, in ba haka ba ƙanana za su bi bakin yayyensu don kunya. Kashi 60 muke nema mu ma: in masu ƙuri'a goma ne, sai shida. Wanda ya kawo ƙorafi da wanda ya fi cin gasa da dodon duk suna da ƙuri'a ɗai-ɗai, amma ba a ba ɗayansu aikin ƙirga ƙuri'un.

In hukunci ya fito, kada ya fara aiki a tsakiyar gasa. Wanda ya gina tawagarsa a kan doka ya shiga da ita, da ita zai fita. A rubuta ranar da sabuwar doka za ta fara, da dalilinta a layi biyu, a ajiye inda kowa zai gani. A Showdown ba sai an dogara da amana ba: wajen ƙalubalantar mutum ana rubuta sunan tsarin, sai @@@, sai alamar ragewa da sunan abin da aka hana, misali gen9ou @@@ -Kingambit, na'ura da kanta za ta ƙi tawagar da ta saɓa. Alamar ƙari kuma tana sako abin da tsarin ya hana, da ita ake gwada dawo da wanda aka kora. Ku sa ranar sake duba kowane haramci, mu bayan kowace Sallah muke yi, ko duk lokacin da aka ƙaro sababbin dodanni, tunda wani sabon shigowa na iya zama mai tarewar da aka rasa. Kuma kada ku cire biyu a lokaci ɗaya in ba dole ba, domin sau da yawa wanda kuka kora shi ke danne wani, yana fita na ƙasansa ya miƙe.

Kingambit dai bai kai kashi 60 a wurinmu ba, kamar yadda bai kai ba a gwajin Smogon na 2023. Ƙanen nan namu, bayan ya buga wasanninsa biyar da shi an ƙona masa shi da Will-O-Wisp har sau uku, ya turo ƙuri'ar a bar shi. Yanzu Great Tusk ɗinsa ba ya fitowa fili sai ya ga inda Kingambit ya kwana. Makon jiya kuma ya rubuto mani sabon ƙorafi a kan Gholdengo, wai yana hana shi share duwatsu. Na ce masa ya kawo wasanni uku.